Wat Dubu a Jikin Kwali

Tun bai sauke ta daga raksha ba na ji ƙaurin,
irin na tukunyar da aka manta a murhu.
Mudassir ne, ɗan Batulu mai jabana,
ya rungumo wufarsa kamar mai kai yaro asibiti.
"Usta, jiya ta yi shiru a tsakiyar kasuwar Gadarif,
ga fasinja uku, ga kunya."

Na ce ajiye ta nan, kusa da kwanon kusoshi.
Na danna takardar bakinta da yatsa uku,
ta yi ƙarar yashi a ƙarƙashin takalmi.
Ba sai na buɗe ba.
Amma na buɗe, don ido ya fi kunne saurin tuba:
jan ƙarfen da aka naɗa siriri kamar gashi
ya saki, ya yi baƙi, ya koma gawayi.

Ya ce, "Ai dubu aka rubuta a kwali!"
Na ce dubun nan ta ɗan kasuwa ce,
tsalle ɗaya ce, ƙiftawar ido.
Ɗan dako ma yakan cicciɓi buhun riɗi biyu,
ya yi taku uku, a yi masa tafi.
Tambaye shi abin da zai ɗauka daga hantsi zuwa la'asar.
Juya bayanta.
Ga ƙananan baƙaƙe a gefen maganaɗisu:
ɗari uku, om huɗu.
Wannan ce maganar da ta rantse a kai.

"To ai amfilifayata ƙarama ce, ɗari da hamsin.
Ina ta samo ƙarfin kisa?"

A nan nakan ajiye sukundireba.
Ƙaramar da aka murɗe wa kunne har ƙarshe
ba rerawa take ba, shaƙewa take.
Sautin da ya kamata ya hau ya sauka
kamar ƙirjin mai barci,
sai a aske masa ƙoƙon kai, ya sandare,
abin da bai fita a amo ba kuma
cikin waya yake kwana, ya zama zafi.
Babbar ma, in ka sakar mata linzami,
za ta tura takarda ta wuce iyaka, ta yage.
Hanya biyu ce, duk rumfata suke ɓullowa.

Nemo mai ba da ɗari uku a om huɗu,
ko ta ɗara kaɗan, kai kuma ka riƙe hannunka.
Jar fitila in ta ƙifta maka ido, ba gaisuwa ba ce.
Daidai ruwa, daidai tsaki.
In ka ji ganga ta cika zaƙi...
Ya ƙarasa mini karin yana dariya.

Ban gaya masa ba,
kunnena na hagu ya mutu shekara goma sha tara,
a daren wani biki a Doka,
ina da shekarunsa, ina da irin yatsunsa,
ana ta "Ƙara! Ƙara!" ni kuwa ina ƙarawa.
Wufa biyu na binne a daren, da rabin jina.
Su an yi musu sabon naɗi.

Kwana biyu ina zagaya waya a bututu,
layi bisa layi, ba a haye wa ɗan'uwa.
Ran Laraba ya dawo da amfilifayar aro.
Na karɓi finjali daga hannun uwarsa,
na ɗora bisa akwatin, cike har baki,
na ce murɗa a hankali.

Gurnani ya taso ta ƙasa, ta tafin ƙafa,
kusoshi suka hau raɗa a cikin kwano.
Gahawa ta yi rawa, ta yi zobba,
ba ta zuba ba.

Na ce tsaya nan.
Na ɗauko farcen Batulu, ja, wanda take ɓoyewa a gwangwanin sukari,
na ɗiga a inda hannunsa ya tsaya.
Ya dubi sauran filin da ya rage a maballin
kamar mai azumi da tulu.